Masu Barci a Cibiyar Tafki

Har yau idan na ga katafila a bakin hanya raina ɓaci yake yi. Matata ta ce wannan neman rigima ne, ƙarfe ne kawai, me ya yi mini? Gaskiyarta. Mutanen ƙauyenmu nake jin haushi, kuma a cikinsu babu wanda na fi jin haushi kamar ni kaina.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kebbe, ba nisa da Fakku. Tafki ɗaya gare mu, yamma da gari. Da damina ya cika ya batse, kafin bazara ya ƙafe ƙaf, laka ta tsattsage. Kawuna, yayan mahaifiyata, a bakin tafkin nan ya tsufa yana buga tubali. Rabin ɗakunan garin daga hannunsa suka fito. Doka ɗaya gare shi, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: a ɗebi ƙasa a gefe, amma ba a sa galma a cibiyar tafki. Can ruwa yake ƙarewa, can kuma abin da ke cikin ruwan yake nutsewa a laka ya kwanta har damina ta dawo.

Mu busasshiyar laka muke gani, shi kuwa ya san wanda ke kwance a ƙarƙashin kowane taku. Zai nuna maka ɗan rami kamar an soka yatsa, ya ce gaiwa ce, ta nan take shaƙar iska. Inda ƙasa ta ɗan tasa, kififiya ce. Kada ka kuskura ka ce mata kunkuru a gabansa. Kunkuru na tudu ne, ƙafarsa a dunƙule. Ita tafinta a shimfiɗe yake saboda iyo, a gefe take lanƙwasa wuya, in ka ɗauke ta kuma ta sakar maka warin da sai ka wanke hannu da toka. Burduddugi, ƙaton kwaɗon nan, shi ya fi kowa nisa cikin ƙasa, yana naɗe cikin wata busasshiyar fata kamar ɓawon albasa. In galmar Kawu ta tono ɗaya bisa kuskure, sai ya ajiye aiki ya mayar da shi, ya rufe da ɗanyar laka. Ana masa dariya, ana ce masa sarkin kwaɗi. Ko a jikinsa.

Shekarar da abin ya faru ina koyarwa a firamare a Tambuwal, ni ne kuma sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu. Duk ƙarshen mako nakan hau babur in je gida. Wani ɗan garinmu da Allah ya buɗa wa a birni ya ce zai aiko da katafila a yashe tafkin, a zurfafa shi, shanu su huta da wahalar ruwa da rani. Ba zan yi ƙarya ba, abin alheri ne. Na sha ganin shanunmu suna dawowa daga mashaya mai nisa haƙarƙari a waje.

Ana gobe taron ƙungiya, bayan la'asar, Kawu ya same ni a ƙofar gida ina goge babur.

"Malam," ya ce. Haka yake kirana tun da na fara aiki, rabi girmamawa rabi tsokana. "Ba ni hana a yi gina. Kwana biyu ɗai nika so. In samu mutum fuɗu da galma, mu fidda abin da ka kwance cikin cibiya tun ƙarfen ga bai iso ba. Kai ad da biro, kai aka saurare. Ka faɗa musu."

Na ce, "To, Kawu, in sha Allahu." Da bakin nan nawa na faɗa.

Washegari aka taru a ajin makarantar garin. Injiniyan da zai yi aikin ya zo da baƙin tabarau, bai cire ba har a cikin aji. Ya ce Litinin za a fara, ba jira. Mai gari ya tambaya ko akwai mai magana. Kawu ya dube ni. Ni kuma na dubi littafina, na shiga gyara wani rubutu da babu abin da ya same shi. Abin da ke raina shi ne: ni, malamin makaranta, in miƙe gaban injiniya in ce a dakata saboda kwaɗi? Kunya ce ta kama ni, kunyar banza da wofi.

Da Kawu ya ga haka sai ya miƙe da kansa. Bai kai ƙarshen maganarsa ba wani ya ɗaga murya daga baya, "A ba sarkin kwaɗi kujera cikin kwamiti mana!" Aji ya kwashe da dariya. Injiniya ya ce, "Baba, kwaɗo ai ba ya ƙarewa a duniya." Mutanen da suke kwana a ɗakin da tsohon nan ya buga wa tubali, su ne suka fi kowa washe baki. Ni ma na yi murmushi. Sannan na rubuta a littafi cewa taro ya amince baki ɗaya.

Ran Litinin na nemi izini a makaranta na zo kallo, kamar wani abin arziki. Direba bai tsaya gefe ba, kai tsaye cibiya ya nufa, don can ƙasa ta fi laushi. Kafin azahar an tara laka tsibi guda, tsibin kuma yana motsi. Shirwa suka cika sama. Waɗanda suka kwashi gaiwa don miya ban ga laifinsu ba, abinci ne. Amma na ga magidanci da gemunsa yana bin burduddugi da sanda yana fasawa, ba don ya ci ba, don kawai ya ga ya motsa. Kififiya kuwa haƙorin katafila ya raba da yawa gida biyu. Kawu ya hau tsibin da daro, yana tona laka da hannu. Direba yana danna masa oda yana zagi. Babu wanda ya kama masa. Ni ina tsaye a inuwa da farar riga.

Abin da ya tsira bai cika daron ba. Ko'ina a bushe yake, babu inda zai kai su. Sai ya haƙa rami a bayan ɗakinsa, inda inuwa take wuni, ya binne su ɗaya bayan ɗaya cikin lakar da ya ɗebo daga tafkin. Kullum da safe ya yayyafa wa wurin ruwa daga randarsa, a lokacin da ruwan sha ma sai an yi tafiya. Haka ya yi wajen wata ɗaya da rabi. Bai taɓa tayar mini da maganar taron ba. Ina gaishe shi yana amsawa lafiya lau, har ya tambayi iyali. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ruwan farko ya sauka ran wata Juma'a. Asabar da safe na iso, na tarar da shi durƙushe yana tona ramin da yatsu. Wari ne ya fara tarbata. Yawancinsu sun ruɓe. Kififiya uku suka fito da rai, da burduddugi biyu, ɗaya yana ta ture fatar da ke jikinsa da ƙafa. Kawu ya zuba musu ruwa a daro, ya zauna yana kallonsu.

Na ce, "Tafki za ka kai su?"

"Wane tafki? Wancan rijiya ta. Babu gaɓa inda za su aje ƙwai, ƙasan kuma sun kai ga marmara. Ina za su shiga in rani ya yi?"

Ya ce akwai wani kududdufi a hanyar Fakku da ba a taɓa ba, can zai kai su. Tafiya ce ta fiye da awa ɗaya a ƙafa, ga taɓo. Na zaro makullin babur da sauri.

"Kawu, kawo in ɗaure bisa babur, in kai ka."

Ya naɗa gammo a hankali, ya ɗora a ka. Ya durƙusa ya ɗauki daron shi kaɗai, ruwa yana zubo masa a wuya.

"A'a, Malam, bari. Hanya da mutane. Kar a gan ka da kwaɗi."

Ya sa kai ya fita. Na bar babur a nan, na bi shi a baya har can. Ko sau ɗaya bai waiwayo ba.