Samfurin Ayar Kawu, Daga Paris Zuwa Lyon

Masana sun cika littattafai da dalilan da suka hana Afirka ta Yamma cin kasuwar duniya, daga tsadar jirgin ruwa har rashin hanyoyi. Babu wanda ya ambaci tsaraba, ni kuwa da idona na ga ta kayar da cinikin ƙasa da ƙasa.

Kawuna Alhaji Mamman na Maradi yana da aya tan ashirin a wani sito a Lome, tana jiran mai saye, damshin bakin teku kuma ba ya barin aya ta daɗe. Da ya ji za a yi taro a Lyon kan damar kasuwanci a Togo, sai ya aiko mini samfuri kilo biyu, tsintacciya ɗaya bayan ɗaya. Ni malamin lissafi ne, amma a wurinsa duk wanda ke Faransa ɗan kasuwa ne.

Laraba, Paris

Na bar gidana a Clichy-sous-Bois, gefen Paris, ƙarfe biyar da minti goma na asuba. Taram mai bin titi, jirgin unguwa, metro na ƙarƙashin ƙasa, na isa babbar gar, tashar jirgin ƙasa, shida da rabi. Kofi da burodi Yuro biyar, kuma burodin na jiya ne. A bakin jirgi karen 'yan sanda ya nace wa jakata.

"Mene ne wannan, Mushe?" in ji wani ɗan sanda. Mushe a nan Malam ne da Faransanci.

Na ce aya ce, na faɗi sunanta da Faransanci, na haɗa da na Latin don kada karatuna ya tafi a banza. Ɗan sandan ya tauna guda, ya yamutsa fuska, ya ce in wuce. Mun tashi ƙarfe bakwai, kilomita ɗari huɗu da sittin cikin awa biyu.

Laraba, Villeurbanne

Masaukina a gefen Lyon gidan Dokta Isufu ne, abokina tun muna 'yan makaranta a lakwal, mai bincike a jami'a. Matarsa Hajiya Rabi ta tarbe ni da gaisuwa irin ta Damagaram, har awakin gidanmu sai da ta tambaya. Na zaro ledar aya don in ciro rigata, na ajiye ta kan tebur, muka fita da Isufu zuwa taro.

Kuɗin shiga Yuro tamanin. Abin da na samu da su: igiyar wuya, biro, da awa uku na jawabi. An nuna mana hoton tashar jirgin ruwan Lome ta gabas, an sake nuna ta ta yamma. Wani mai kwat da ya kwana biyu a otal a can ya bayyana mana halin ɗan Afirka. Na ɗaga hannu na tambayi inda mai tan ashirin zai kai takardunsa.

"Komai yana shafinmu na intanet," in ji shi, ya juya ga mai tan dubu.

Duk da haka na dace. Wata Madam mai kamfanin abin sha ta ba ni minti goma sha biyar, gobe ƙarfe goma, in zo da samfuri.

Mun dawo bayan la'asar, Hajiya ta kawo kunun aya mai sanyi, da dabino da kwakwa. Na sha kofi biyu, na ce rabona da irinsa tun Maradi.

"Ai dole," ta ce, "taka ce. Allah ya saka da alheri, Malam. Har maƙwabta na aika wa."

Na dubi tebur, babu leda.

"Hajiya, samfuri ne fa!"

"Samfurin me? Baƙo ya shigo daga tafiya, ya ɗora aya kan teburina, me zan ce? Ka rubuta a jiki?"

Isufu ya yi dariya har ya ƙware. "Mushe, shekara goma sha biyar a Turai, ka manta dokar tebur?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiyarsu ce. Da na zo hannu rabbana ma abin kunya ne, ga shi an gode mini.

Alhamis, Lyon

Ƙarfe takwas na hau taram, na bi shagunan kayan Afirka na bakin kogi. A na huɗu na samu aya, ƙaramar leda Yuro bakwai. Na juye ta a kwalba, na cusa ledar a aljihu, na isa goma saura minti uku.

Na fara bayani cewa wannan ba ainihin samfurin ba ne, amma Madam ba ta jira ba. Ta zuba a tafin hannu, ta juya da biro.

"Kun gani, Mushe? Matsalarku ke nan. Ƙanana, ga baƙi-baƙi, ba a tsince ba. Shi ya sa muke saye daga Sifen. Ku je ku koyi aikinsu, sannan mu yi magana."

Na buɗe baki in kare manoman ƙasarmu, ta dubi agogo. Minti shida ta ba ni cikin sha biyar.

Komawa

Jirgin ƙarfe biyu ya dawo da ni Paris, na shiga gida biyar da rabi. Na kira Kawu na faɗa masa komai. Ya ce a gai da Hajiya, ya tambaya ko ta sa citta. Ayarsa tana nan a Lome, ta fara ɗaukar damshi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Isufu da iyalinsa, waɗanda ba su rage ni da komai ba sai abin da na je da shi. Da zan rataye kwat na ji leda a aljihu, na warware ta. A bayanta an rubuta: noman Sifen.