Hajiya Suwaibatu da Waɗanda Ba Sa Cikin Littafin Awo

Duk ranar Talata, kafin rana ta yi zafi, Hajiya Suwaibatu Gide ta riga ta shimfiɗa tabarmi a barandar ƙaramin asibitin da ke kusa da Yankara. Masu ciki su jeru, ta auna nauyi, ta duba hawan jini, ta tsaga yatsa ta ɗiga jini don gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, ta rubuta sakamako a babban littafinta. Shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya. Watan jiya ta yi ritaya. Ba ta da fara'a sosai, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ta yi masa ƙarya ba.

Shekara shida da suka wuce wani jami'in lafiya ya zo daga birni, ya buɗe littafin nan. Mata ɗari huɗu, biyu kawai ke da cutar. Ya ce ai yankin nan lafiya lau, za a kwashe ragowar kayan gwaji a kai inda aka fi buƙata.

"Ranka shi daɗe," in ji ta, "wanga littahi na waɗanda suka zo ne. Wadda mijinta ya bari ta zo, kuma babur ka kaiwa ƙauyensu. Mai cikin fari kunya ka hana ta zuwa, sai dai ka ji ta tahi gidansu ta haihu. Duba da kyau, akwai namiji ko guda? Akwai wadda ba ta da ciki?"

Ya ce lissafi ba ya ƙarya. Ta ce ita ma ba ta ce ya yi ba, amma lissafin baranda ne, ba na gari ba. Da ƙyar ya bar mata kwali ɗaya, ina jin don ya rabu da ita ne.

Daga kwalin nan aka gwada Barakatu, wadda da bakinta ta ba da labarin ranar walimar sallamar Hajiya. Shekara bakwai ta yi da aure a wajen Tafoki ba ko ɓatan wata, don haka ba ta taɓa taka barandar awo ba. Mijinta, mai fataucin shanu, ya rasu bayan doguwar jinya da aka ce tari ne. Ta gama takaba, Malam Mas'ud manomi ya fito, an sa rana. Ta zo neman maganin haihuwa ne kawai, kada a sake yi mata gori.

Hajiya ta dube ta, ta ga ramar da ta yi, ta tambayi yadda mijin ya rasu. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ki yarda in duba jininki tukuna."

Aka samu cutar. Barakatu ta ce ta yi kuka har muryarta ta dishe, tana tsoron mutuwa, tana tsoron a fasa auren. Hajiya ta jira ta gama, ta ce akwai magani, kuma dole Malam Mas'ud ya sani kafin a ɗaura, amma daga bakin Barakatu. Ya sani. Ya yi sati biyu bai leƙo ba. Sai ga shi ya zo da kansa, ya miƙa yatsa, aka ga ba shi da ita, ya zauna ya saurari yadda za su kiyaye. Shi ne namiji na farko da aka gwada a barandar nan.

Hajiya, ke ce kika san inda littafinki ya tsaya. Ba ki ƙara masa ko lamba ɗaya ba, kuma ba ki yarda a ɗauke shi a matsayin gari duka ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Masu tasowa a aikin nan, in kun gama ƙirga waɗanda suka zo, ku tambayi waɗanda ba su zo ba.

Barakatu tana shan maganinta. Bara ta haifi Fatima Zahra'u, an gwada yarinyar, lafiyarta ƙalau. Ranar da Barakatu ta zo awon farko da cikin yarinyar, Hajiya ta ɗauki biro ta ce, "To, yau kin shiga littahi. Da mun jira littahin, da ba ki kawo yau ba."