Yadda Illa Ya Sa Aka Yi Wa Gona Aski

Illa mai gangar noma ya rayu a Matameye tun Turawa ba su iso Damagaram ba. Ƴata Safi ce ta fara tattara labarinsa daga bakin tsofaffin unguwarmu, shekara biyu kafin rasuwarta. Daga littafinta na ɗauko yawancin abin da ke nan, sauran kuma na tambayo da kaina.

A Tsauni aka haife shi. Ya koyi kiɗa wurin kawunsa, ya zo Matameye da ganga ɗaya da matarsa Shekara. Gajere ne, amma ana jin muryarsa daga gona ta uku. Da rani tufkar igiya yake yi. Da damina kuwa shi ne makaɗin gayya. Idan noma ya fi ƙarfin mutum, sai a tara masa maza yini guda, a dama fura, su jeru da hauyoyi, makaɗi yana biye da su yana yi wa kowa kirari. Illa ba ya rowar suna: wannan zaki, wancan giwa, na can ambaliya. Maza suna jin daɗi, suna zuba ƙarfi.

Wata damina aka yi gayya a gonar Lawwali, geron bai wuce taƙi ɗaya ba. Cikin masu noman akwai Muntaka, ƙaton da ba a taɓa wuce shi a sahu ba. Illa ya kira shi guguwa, wadda ba ta tambayar hanya, ba ta barin komai a tsaye. Muntaka ya sunkuya ya tafi, sauran suka bi shi da gasa. Kafin azahar an gama. Da Lawwali ya zaga, sai ya tarar da ciyawa kwance, geronsa ma da yawa kwance tare da ita.

Kadiri, Sarkin Noman garin, ya aika aka kira Illa.

"Hauya ce ta sare, amma gangarka ce ta aike ta," in ji shi. "Lahadi akwai gayyar Baba Ummaru, kurkunu ya kwantar da shi. In aka sake irin ta jiya, zan aika garin Dawce a kawo mana makaɗinsu, kai kuma ka zauna kan igiyarka rani da damina."

Illa ya kai kuka gida, bai samu mai tausaya masa ba.

"Maigida, kai ka ce masa guguwa," in ji Shekara. "So kake ya tsaya ya gaida gero?"

"To in ce masa hawainiya?"

"Ce masa mana, ya fasa maka gangar a ka."

Kwana uku yana neman sunan da namiji zai so, mai sauri, wanda kuma zai bar shuka a tsaye. Zaki bai san gero da ciyawa ba. Giwa gara ma ba a ambace ta ba. Ya lura duk abin da ya saba kira, mai ɓarna ne, kuma yawancinsu bai taɓa ganinsu da idonsa ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya je aski wurin Manu wanzami, sa'ansa kuma abokin tsokanarsa. Mutum shida suna jira a inuwa.

"Zauna, mai kashe gero," in ji Manu. "Kada ka motsa, ni ba a yi mini kiɗa."

Aska ta bi kan Illa daga goshi zuwa ƙeya. Ta zo bakin kunne ta rage gudu, ta kewaye, ta sake miƙewa.

"Kai ma ashe sauri kake," in ji Illa.

"Ba ka ga masu jira ba? Amma kowa da kunnuwansa biyu yake komawa gida."

Illa ya miƙe tsaye, rabin kansa da suma.

"Zauna in ƙarasa, kada a ce aikina ne wannan," in ji Manu.

Ranar Lahadi maza ashirin suka jeru. An ɗauko Baba Ummaru an kwantar da shi gindin gawo, ƙafarsa a ɗaure. Kadiri yana tsaye a bakin gona. Illa ya buga ganga, ya fara:

*Gonar Baba ta tara suma,*
*Muntaka wanzami, wasa askarka.*
*Aske ƙeya, aske goshi,*
*Ka bar wa Baba kunnuwansa.*

Muntaka ya ɗago. "Wanzami? Ni da ake ce wa zaki?"

Illa bai daina kiɗa ba. Ya amsa masa cikin waƙar: a Matameye ba wanda ya taɓa ganin zaki, amma wanzami kowa ya sunkuya masa da kai, har mai gari. Maza suka yi dariya. Muntaka ya tofa yawu a tafinsa, ya sunkuya.

Illa bai sake fita daga kwatancen askin nan ba har yamma. Ciyawa suma ce, hauya aska, kowane gindin gero kunne. Wanda ya bar ciyawa a baya, sai a ce ya bar wa Baba tukku. Wanda ya sare shuka, na kusa da shi zai ce, "Ka yanke kunnen tsoho," sai Baba Ummaru daga gindin gawo ya dafe kunnensa ya yi nishi, mata masu kawo fura suna dariya har suna riƙe ƙwarya da hannu biyu. Hauyoyi suna gudu a fili, su rage a gindin gero, su kewaye. Ba a gama ba sai la'asar, amma ba wanda ya ce an daɗe.

Kadiri ya shiga gonar shi kaɗai, ya bi ta sahu-sahu, yana tsintar abin da aka sare. Illa ya ajiye ganga, ya kasa shan furar da aka miƙa masa. Da Kadiri ya dawo, ya buɗe hannunsa. Tsiro biyar ne.

"Uku nawa ne," in ji Muntaka. "Tun kafin in gane waƙar."

Kadiri ya zubar da su, ya dubi Illa.

"Laraba gonar Inusa. Wake ne a tsakanin dawa, ba gero ba. Sai ka nemo mata nata sunan."

Illa ya riƙe kiɗan gayyar Matameye shekara ashirin da wani abu bayan haka, har hannunsa ya fara rawa. Game da gonar Inusa kuwa, an ce tun ranar Litinin aka gan shi tsugune wurin masaƙi, yana kallon ƙoshiya tana ratsa tsakanin zare ba ta tsinka ko ɗaya ba. Masaƙin ya gaji ya tambaye shi ko saye ya zo yi. Illa ya ce a'a, ya ci gaba da aikinsa kawai.