Yawon Doha da mai barci a bayan mota

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Nu'aija, daga bakin ƙofar ginin da abokin ɗakina yake gadi. Daren aikinsa na ƙarshe ke nan a Ƙatar. Jirginsa na Gana bayan isha'i zai tashi, akwatunansa kuma tun daren jiya na loda su a mota. Ya miƙa wa mai gadin safe makullai, ya cire hular aiki ya cusa a leda, ya hau.

Bari in faɗa muku ko wane ne. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Shekara shida muna ɗaki ɗaya a Sana'iyya, unguwar masana'antu, nan kusa da Asian Town. Kamfaninmu ɗaya, shi sashen gadi, ni sashen motoci. Shi dare yake yi, ni rana. In ya shigo na fita, in na shigo ya fita. Mukan haɗu a matattakala, sannu, yaya aiki, kowa ya wuce don bas ba ta jira. Ranar hutuna yana barci, ranar hutunsa ina wurin aiki. In na yi girki in bar masa rabi, in ya yi ya bar min rabi. Amma wallahi ban taɓa zama na ci abinci da mutumin nan ba, ban taɓa yin hira da shi a zaune ba. Da ya ce min ya ajiye aiki zai koma gida gaba ɗaya, abin ya tsaya min a rai. Na ce ko ta halin ƙaƙa sai mun sa hannu a faranti ɗaya kafin ya tafi.

Motar da muka hau irin mai ɗakin nan ce, wadda Larabawa suke ce wa karafan. Akwai gado a baya, da ɗan kicin, da banɗaki, har da firij. Kamfaninmu haya yake ba da su, aikina in kai wa masu haya bakin sahara, in sun gama in ɗauko. Sanyi ya wuce, kasuwarsu ta kwanta, sai na roƙi manaja aron ɗaya na yini guda. Ya yi ta murɗa baki, ƙarshe dai ya ce in zuba mai daga aljihuna, in dawo da ita a wanke.

Na sha wahalar zaɓen wuraren da za mu. Doha garin 'yan yawon buɗe ido ne, abin kallo ya fi ƙarfin yini ɗaya, ni kuma duk wuraren nan iyakata wurin ajiye mota. Duk wanda na ɗauko sai na dame shi da tambaya. Wani ya ce gidan tarihi, na ce mutumin da ya shekara shida yana tsaye gaban gini ba zan kai shi ya tsaya gaban gilashi ba. Akwai masu wasan tsalle-tsalle a wani tanti a Lusail, na so su ƙwarai, amma sai bayan magariba suke farawa, jirgi kuma ba zai jira mu ba. Sai na tsayar da shawara a kan shiga jirgin ruwa da safe, kasuwar Suƙ Waƙif da hantsi, da makaɗan bakin teku a Katara. Wurin cin abinci kuwa na riga na ajiye shi a zuciyata.

Hanya fayau, gari bai gama wayewa ba. Yaya ya yi ta zagaya cikin motar, ya buɗe firij, ya murɗa famfo, ya danna katifa da hannu, ya ce ai wannan ta fi ɗakinmu kyau. Na tsaya a wani shagon shayi na yi oda, aka kawo mana shayin karak kofi biyu, mai kauri da ƙamshin kanumfari, riyal ɗaiɗai. Na juya in miƙa masa nasa sai na ga ba ya kan kujera. Ashe ya je gwada katifar. Ko takalmi bai cire ba, har ya fara minshari.

To, a masaukinmu akwai doka da ba a rubuta ba: ba a tashin ɗan dare. Ko wayarka ce ta yi ƙara, fita waje kake ka amsa. Shekara shida ina sanɗa a ɗakin nan ranar hutuna don kada in motsa shi. Na ce bari ya ɗan rage, ai jiki da jini. Na cire masa takalmin, na shanye shayin duka biyu, na ja mota.

A Kornish, titin bakin teku, na sami wurin tsayawa, na bar masa na'urar sanyi a kunne. Jiragen katako suna jere, kowane mai jirgi yana kiranka kamar 'yan kamasho a tasha. Na yi ciniki na mutum biyu, har na sa aka rage min, na koma mota in gani ko ya motsa. Ya ma juya baya ne. Na dawo na biya na mutum ɗaya, mai jirgin yana min kallon mara gaskiya. A ciki akwai wasu iyali 'yan Filifin da wani Ba'indiye da matarsa. Da jirgin ya yi nisa, dogayen gine-ginen nan suka fito gaba ɗaya, rana tana dukan gilasansu, ruwa shuɗi shar. Na buɗe baki zan ce ka gani, na tuna ba wanda zan gaya wa. Tun da ni kaɗai ne ba ni da kowa, ni na zama mai ɗaukar hoton jama'a. Waya uku na riƙe a jirgin nan, ba wanda ya ce in kawo tawa.

Duk mai niyyar zuwa Suƙ Waƙif da karafan, ya ji da kyau: wurin ajiye motocinsu a ƙarƙashin ƙasa yake, motar kuma ta fi ƙofar tsawo. Sai da na yi ta zagaye kafin na sami wani fili can nesa, na tako da ƙafa. Kasuwar kam ta burge ni. Lunguna ƙanana, buhunan kayan yaji a buɗe, turaren wuta ko'ina, ga dattawa masu baro suna bin masu sayayya a hankali. Na je sashen shaho, na ga tsuntsaye a jere an rufe musu ido da 'yar hular fata, shiru abinsu. Na tambayi kuɗin ɗaya, da aka faɗa min sai na yi salati na matsa, kada in yi atishawa ya firgita a ce in biya. Na saya wa Yaya dabino da turare na tsaraba. Amma gaskiya kallo kai kaɗai ba daɗi, da na tsaya kaɗan sai in ji ƙafata tana ja na zuwa mota.

Ina komawa mota aka kira azahar, Yaya ya tashi da kansa. Na ce alhamdu lillahi. Ya yi alwala a ɗan famfon, muka yi sallah, idonsa jawur. Ina cikin ba shi labarin shaho ya jingina da gadon ya ce, “Ƙanena, ba ni minti goma.” Na san minti goman ɗan dare. Na fita na ja masa ƙofa.

Na koma kasuwar, wurin abincin da na zaɓa. Akwai wani da bangonsa duk madubi ne, akwai na Turkawa mai kujeru a waje, amma duk can kowa da farantinsa da cokalinsa ake ba shi. Ni na Yamalawa na zaɓa, inda ake zama a kan darduma a kawo tire ɗaya a tsakiya. Mai hidimar ya tambaye ni mutum nawa, bakina ya ce biyu. Ya kai ni wani ɗan lungu, na zauna na naɗe ƙafa. A gefena wasu mutane sun kewaye tire, suna yagar nama suna dariya, wannan ya tura wa wannan. Aka kawo min mandi, shinkafa ce da naman rago da ya dahu har yana zamewa daga ƙashi, tururi yana tashi. Yunwa kuwa tana ci na. Na kalli tiren, na kalli gurbin da ke gabana, na ji ba zan iya ba. Na ce a juye min a mazubi. Mai hidimar ya ce ko abincin ne bai yi ba. Na ce ya yi, abokina ne bai iso ba.

Katara na isa da wuri, ba a fara wasan ba, amma na yi sa'a na tarar da makaɗan suna gwaji a inuwa. Dattawa ne da samari a zaune a da'ira, da ganguna da tulunan ƙasa, sauran suna tafi. Mutum ɗaya ya ja murya doguwa, sauran suka amsa can ƙasan maƙoshi. Wani Basudane da ke tsaye kusa da ni ya ce waƙar masu nutso neman lu'ulu'u ce ta da, mutanen da kan bar gida su yi watanni a teku. Ban ji kalma ɗaya ba, amma sai da waƙar ta taɓa ni. Na tuna garinmu Gusau, na tuna yarana da suke girma a waya. Ban jira wasan na gaske ba, na tafi.

Daga nan na miƙa Lusail. Tituna faɗi-faɗi, gine-gine sababbi fil, mutane kuwa sai ɗaiɗai, yawanci masu shara da masu ban ruwan fulawa. Na tsaya kusa da inda ake ɗaure jiragen masu kuɗi. A nan haushi ya kama ni, haushin Yaya da haushin kaina. Rana ta karkata, yinin da na roƙa yana ƙarewa. Na je na tsaya a kansa, na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarsa. Na ga yadda ya saki jiki, bakinsa a ɗan buɗe, furfura ta cika masa gemu. Hannun ya ƙi. Na koma bakin ƙofa na zauna.

Sai lokacin da ya saba tashi shirin aiki ya yi, ya miƙe zumbur yana laluben kayan gadi. Ya leƙa taga, ya ga rana, ya yi salati.

“Don me ba ka tashe ni ba?”

“Yaya, ai ba a tashin ɗan dare.”

Kunya ta kama shi. Muka yi la'asar, na ɗumama mandin a kan risho, na juye a tire, muka zauna a ƙasan motar, gwiwa tana taɓa gwiwa don wurin ba faɗi. Muka yi bismillah. A hankali yake cin abinci, ashe, kuma duk tsokar da ya yago sai ya turo gabana. Ya ce bai taɓa barci irin na yau ba tun zuwansa ƙasar nan, don in ya ɗan farka sai ya ji mota tana tafiya, ya san akwai mutum a kusa.

Na tambaye shi me ya sa zai tafi, ga shi aikin bai ƙare ba. Ya ce yaran ne, ƙanwar matarsa ta gaji da riƙo, ita ma da nata. Na ce ina uwarsu? Ya ɗago ya dube ni.

“Ai ta rasu. Hutun da na je bara waccan, shi ne.”

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na tuna hutun sarai. Na tuna na tsare shi a matattakala ina tsokanarsa kada ya dawo min hannu rabbana, kuma ya dawo min da kwalbar yajinsu. Na ce Yaya, don Allah me ya hana ka gaya min?

“Ranar da na dawo kana barci, ban so in tashe ka ba. Da safe ka fita. Da aka kwana biyu sai na ga maganar ta wuce.”

A nan, a ƙasan motar haya, na yi masa ta'aziyyar matarsa. Na ce Allah Ya jiƙanta, Ya raya abin da ta bari. Ya ce amin. Muka ƙarasa abincin, muka cinye tas.

Hanyar filin jirgi ta Kornish na bi da shi, an fara kunna fitilu, yana gaban mota yana kallo. Iyakar Dohar da ya gani ke nan. A wurin sauke fasinja ba a barin mota irin wannan ta daɗe, muna sauke akwatuna ma'aikacin wurin yana ta yalla yalla, wai mu yi sauri. Na ba shi dabinon da turaren, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce in yafe masa. Na ce ni ne zan ce haka. Ya tura kayansa ya shige, ni kuma aka kore ni da mota.

Na wanke karafan na mayar, na hau bas zuwa Sana'iyya. Gadonsa ba zanin gado, an naɗe katifar. Na zauna a nawa, ba wanda zan ba labarin yinin.

Masu tambaya ta wane wuri ya fi a Doha, jirgin ruwan yana da kyau, mandin Yamalawa ba ƙarya, makaɗan Katara kuma kada ku bari su wuce ku. Amma abin da na koya daban ne. Ni da Yaya mun yi ta tausaya wa juna har muka rabu ba mu san juna ba. An ce sati mai zuwa za a kawo wani a gadon, shi ma ɗan dare ne. Ranar hutuna ta farko zan dafa abinci in tashe shi, ko da zai zage ni.