Hannun da Bai Iya Saki Ba

Shekara talatin da ɗaya Oleta Scoggins ta yi tana yankan ƙirjin kaji a masana'antar da ke bakin garinsu, can arewacin jihar Arkansas ta Amurka. Kaji na wucewa a rataye, ita tana tsaye a ɗaki mai sanyi da wuƙa a hannu, tana raba tsoka da ƙashi daga safe har la'asar. Aikin ya ciyar da ita, ya kuma cinye mata hannun dama. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsun sun lanƙwashe, kuma in ta damƙi abu da ƙarfi sai su ƙage a kansa, ko za ta mutu ba za ta iya buɗe su da kanta ba.

'Yarta Raylene ce ta san maganin abin. Tun tana ƙarama, in uwar ta dawo, sai ta zuba ruwan ɗumi a kwano ta tsoma hannun, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana miƙar da su, daga ƙaramin yatsa zuwa manuni. Tana yi tana cewa, "Saki, Mama, an tashi daga aiki." Oleta ba mace ba ce mai yawan dariya, amma wannan maganar kullum sai ta sa ta murmushi.

Raylene ta girma ta auri Colby Hutchins, mai aikin rufin gidaje. Kyau kam Allah ya ba shi, ga baki kamar zuma, sai dai hali zanen dutse. Wata huɗu da biki ya fasa mata leɓe. Shekara na zagayowa ya karya mata hannu a ƙofar mota, ya kai ta asibiti da kansa yana kuka, yana ce wa ma'aikata faɗuwa ta yi. Ranar da ta ce za ta tafi, ya ɗauki ɗan karenta ya maka shi da bango a gabanta, sau biyu, har ya daina motsi. Kotu ta ɗaure shi kwana casa'in, ta ba Raylene takardar da ta hana shi kusantarta. Ta kwaso kayanta ta dawo gidan uwa, amma zoben auren yana nan a yatsanta, abin da ke ƙona ran Oleta fiye da komai.

Mako guda da fitowarsa, Oleta ta tarar da shi jingine da motarta a harabar masana'anta. Ya zaro tasa takardar kotun, ya kunna mata wuta, ya kunna sigari da ita.

"Tsohuwa, ki gaya wa matata ta dawo gida," in ji shi. "In na zo ɗaukarta da kaina, rami biyu za a haƙa."

Ta kai ƙara, aka rubuta, aka ce za a duba. Ita dai ta san ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ran Asabar ta nufi shagon Purvis mai sayar da bindigogi, abokin marigayi mijinta, wani ƙaton dattijo mai tsokanar tsiya.

"A'a, Oleta! Kajin ne suka fara ramawa?"

"Kai dai Purvis bakinka ba ya tsufa. Ba ni wadda za ta shiga aljihu."

Ya dubi fuskarta, dariyar ta ɗauke. Ya ajiye guda biyu a kan tebur. Ta farko fistol ce 'yar siririya, baƙa, mara nauyi, mai cin harsashi bakwai. Ta biyu libarba ce gajera mai ɗan tumbi, harsasanta biyar a cikin wata 'yar ganga mai juyawa. Idon Oleta a kan fistol ɗin ya tsaya, don ta fi kyau, kuma ko yaro ya san bakwai ta fi biyar.

"To ɗana ta mu gani," in ji Purvis. "Ja samanta baya."

Ta kama ta ja, yatsun suka zame. Ta dafe ta da ciki ta sake ja har jijiyar wuyanta ta fito, ƙarfen ko gezau. Kunya ta kama ta, ta ji kamar ta fashe da kuka a gaban mutumin da ya ɗauki gawar mijinta.

"Ni zan iya ɗana miki ita ki tafi," in ji shi a hankali. "Amma ranar da ta cije, kuma in ta tashi a cikin aljihu sai ta cije, wa zai gyara miki? Wannan mummunar kuwa ba ta da wani tsirfa. Kunamarta dai da tauri, mata da yawa ba sa iya ja."

Oleta ta ɗauki libarbar, babu harsashi a ciki, ta matsa kunamar. Ƙas. Ta sake, ƙas, har sau biyar kamar wasa. Purvis ya buɗe baki.

"Hannuna damƙa ya sani," ta ce. "Saki ne bai iya ba."

Ta yi Asabar uku tana koyon harbi a bayan shagon. Daga nan libarbar ta tare a aljihun dama na tsohuwar kwat ɗinta mai ruwan ƙasa, ta je da ita kanti, ta je da ita coci. Da Raylene ta gane, sai ta yi fushi. "Mama, ba zai yi ba fa, baki ne kawai. In bai sha ba ai mutumin kirki ne." Oleta ta ce, "Karenki ma haka ya ɗauka." Kwana biyu ba su yi magana ba.

Ran wata Lahadi cikin Nuwamba, da azahar, suka dawo daga coci. Raylene ta fito daga mota riƙe da farantin burodin masara da ya rage a liyafar cocin. Colby ya ɓullo daga bayan rumfar itace da gudumar aikinsa a hannu. Ya sauke wa Raylene gudumar a kafaɗa, Oleta ta ji ƙarar ƙashin tun daga ɗaya gefen motar. Farantin ya tarwatse. Ya damƙi gashin Raylene ya buga fuskarta da gilashin mota, ya sake bugawa, jini ya wanke gilashin, sannan ya fara janta a kan tsakuwa zuwa inda ya ɓoye motarsa.

Oleta ta manta da bindiga sam. Ta ruga ta ɗare bayansa tana yaƙushinsa da hannun hagu. Ya saki Raylene, ya juyo ya naushe ta a baki, haƙori ya fita, ta faɗi rigingine. Ya danne mata ciki da gwiwa, ya shaƙe ta da hannu ɗaya, ya ɗaga gudumar da ɗayan.

"Na gaya miki rami biyu, tsohuwar banza!"

Idonta ya fara duhu. Hannunta na dama ya lalubi aljihu ya sami ƙarfen, babu sararin zaro shi, babu lokaci. Ta tura bakin bindigar ta cikin kwat ɗin har ya taɓa haƙarƙarinsa, ta matsa. Ƙarar ta toshe mata kunne. Bai faɗi ba, ta sake matsawa, ta kuma sake. Gudumar ta faɗo kusa da kunnenta, shi kuma ya kife gefe yana shure-shure, jini na fita ta bakinsa. Aljihun yana hayaƙi, ƙaurin ƙonannen ulu ya cika mata hanci.

Raylene ta ja jiki zuwa wurinsa, ta ɗora kansa a cinya tana kiran sunansa, tana kururuwa. Oleta ta tashi zaune ta jingina da tayar mota. Kukan nan ya fi naushin yi mata ciwo.

Maƙwabta sun riga sun buga waya. Motar 'yan sanda ta tsaya, wani matashin ɗan sanda ya fito da bindiga a saite.

"Fito da hannunki daga aljihu!"

Ta fito da shi, libarbar ta biyo shi. Yatsun sun ƙage a kanta, manuni yana kan kunama, ga harsashi biyu a ciki.

"Yar da ita! Yar da ita na ce!"

"Ba zan iya ba, ɗana," ta ce, jini na cika mata baki, maganar ba ta fita sosai. Ta girgiza hannun don ya gani, shi kuwa ya ɗauka ɗagawa za ta yi, ya gyara tsayuwa ya rufe ido ɗaya.

Raylene ta ɗago. Ta ajiye kan mijinta a kan tsakuwa, ta rarrafo da hannu ɗaya, kafaɗarta a karye, ta durƙusa tsakanin uwarta da bakin bindigar ɗan sandan. Yana yi mata tsawa ta matsa, ko waiwaye ba ta yi ba. Ta karkata libarbar ƙasa, ta kama ƙaramin yatsa ta miƙar, ta kama na biye. Babu ruwan ɗumi, sai jinin Colby da ke hannunta, zoben aurensu na gogar fatar uwar. Da ta zo kan manuni ya ƙi, ta tsaya ta ja numfashi, ba ta dubi fuskar Oleta ba.

"Saki, Mama," ta ce, muryarta a dishe. "An tashi daga aiki."

Yatsan ya miƙe, bindigar ta faɗi a kan tsakuwa.