Malam Maharazu da Kayan Gwajin Aro

Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar Rogo cikin shekarun nan ya san Malam Maharazu mai Fiziks, ya kuma san zafin ransa. Mutumin Rogo Ruma ne, ɗan mai gyaran injin niƙa. A gindin inji ya taso, shi ya sa da ya je Kano karatun malanta bai yi wata-wata ba ya ɗauki Fiziks, ya dawo gida koyarwa.

Abin da ya daɗe yana cin ransa shi ne ɗakin gwajin makarantarsu. Suna yana nan a ƙofa, ciki kuwa karyayyun kujeru ne da jemagu. Sai dai ya zana keke a allo ya ce, “Ku ɗauka an tura wannan.” Ɗalibai sun haddace cewa abin da ke tsaye ba ya motsi sai an tura shi, mai tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi, amma ba wanda ya taɓa gwadawa da hannunsa.

Ran nan da damina sai ga mota shaƙe da kwalaye. Shugaban makarantar, Malam Ɗanmaliki, ya kira shi.

“To Malam, ga kayanka sun iso, sai mu huta da mita. A jera su, manya na tafe daga Kano.”

Maharazu ya tuɓe babbar riga, shi da ɗalibansa suka wanke ɗakin tas. Ga ƙananan kekunan gwaji masu taya huɗu, ga ma'aunin ƙarfi, ga katako mai gangare da ƙwallayen ƙarfe. Ya haɗa kekuna biyu suka yi karo, kowane ya ja da baya, aji ya ɗauki sowa. Da bakinsa ya ce musu, “Naku ne, ku riƙe su amana.”

Baƙi suka zo, aka yi hotuna, ɗan kwangilar da ya kawo kayan, Alhaji Sulle, yana ta washe baki. Suna juya baya motar nan ta dawo, aka fara mayar da kaya cikin kwalaye. Maharazu ya tare ƙofa.

“Ina za a kai su?”

Direban ya ce, “Wata makaranta a Karaye. Gobe can baƙin za su.”

Malam Ɗanmaliki ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. “Malam, ka yi haƙuri. Abin ya fi ƙarfina.”

“Ranka ya daɗe, ka sani tun farko! Ka bar ni na tsaya gaban 'ya'yan mutane na yi musu ƙarya. Da wane ido zan kalle su gobe?”

Sai da malamai suka riƙe shi aka fitar da kayan.

Washegari ya hau babur ya bi su Karaye. Ya ratsa taro har gaban jagoran baƙin, ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, waɗannan kayan su ka gani jiya a Rogo. Ni na jera su.”

Mutumin ya gyara hula ya ce, “Za mu duba.”

Dubawar da aka yi ita ce aka ɗauke Maharazu aka jefa shi wata ƙaramar makaranta a Zoza. Matarsa Laure ta yi kuka, ta ce bakinsa ya ja musu. Ya ce ko yau aka sake, zai sake.

Yana can har yanzu. Yakan ari amalanke a kasuwa, ya sa ɗalibai su tura shi babu kaya, sannan a ɗora buhun masara su ji bambanci a kafaɗunsu. Bara shugaban can ya yabe shi gaban iyayen yara, ya ce Malam akwai dabara. Maharazu ya miƙe, ransa a ɓace.

“Don Allah kada a yabe ni. Ranar jarrabawa ba amalanke za a ajiye musu ba. Ku iyaye, ku je ku tambayi inda kayan 'ya'yanku suke.”

Ya ɗauki hularsa ya fice, ya koma aji.