Mujallar da Aka Naɗe Kofuna da Ita

Jiya a unguwar Al Khabaisi, nan ƙasar Larabawa, na tarar da ɗana yana naɗe kofunan da za a tura Kano da shafukan mujallar barkwancin marigayi maigidana. Na gane zanen: jarumin fim ɗin zamanin da, takobi a hannu, kaza ta koro shi. Ban yi makaranta ba, Alhaji ne yake karanta mini, yana kwaikwayon muryar jarumin har shayinsa ya huce. Yakan ce, "Hajiya, yi dariya mana, haƙoran nan ba na aro ba ne." Ban taɓa yi masa ba.

Na ce wa yaron, "Karanta mini wannan."

Ya ce, "Umma, kwantena na jira." Ya cusa takardar cikin kwali.

Allah Ya haskaka kabarinka, Alhaji, Ya haɗa ka da masu dariya.